Manhajar Barin Taba da Za Ta Karɓi Mutumin Kafin Dafga

Duk mashayin da ya taɓa cewa "daga yau na bari" ya san inda gizo ke saƙar. Niyya ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa ne bayan an ci an ƙoshi, ko a teburin mai shayi idan na kusa ya ƙyasta ashana. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi da zuƙar sigari, idan kuwa jiki ya saba aka yanke masa, sai ciwon kai, saurin fushi da rashin barci, musamman a makon farko. Sai dai jarabar in ta taso, mintoci kaɗan take yi ta lafa. Aikin manhaja ke nan: ta riƙe mutum har mintocin su wuce.

An gwada, kuma an ga amfani. A Birtaniya, binciken txt2stop da aka fitar a 2011 ya bi mutum 5,800. Cikin waɗanda ake tura wa saƙon ƙarfafa gwiwa, kashi 10.7 cikin ɗari sun yi wata shida ba taba, sauran kuwa kashi 4.9. Ba yawa, amma ninki biyu ne, da saƙon tes kawai. Indiya ta ɗauki dabarar a 2016 da shirin mCessation, inda filashin ɗaya ya isa a yi wa mutum rajista.

To, a ce wani matashi a Kano ya zauna zai tsara irin wannan don manomin Kafin Dafga, ko ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Ƙaraye da Rogo. Kada ya kwaikwayi na Turai, masu tambayar kwali nawa kake sha a rana. A nan kara-kara ake saye. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita haka, ta kuma hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, amma mai tireda bai fasa ba. Don haka a ƙirga kara, a mayar da shi naira, a nuna wa mutum mudu nawa na masara ko taki ya ƙona a wata. Wannan lissafin ya fi hoton huhu shiga rai.

Sai wayar kanta. Da yawa ƙarama ce mai tocila, cajinta a shago, data kuma ba kullum ba. Wani ajami ya fi iyawa da boko. Murya ita ce mafita: ya yi filashin idan abin ya motsa, a kira shi, ya ji Hausa irin ta majalisa tana cewa ya sha ruwa, ya ɗauki aswaki, ya tashi daga wurin.

Azumi kuwa gata ne da mai tsarawa bai kamata ya yi sake da shi ba. Wanda ya iya jurewa daga asuba zuwa magariba ya riga ya yi rabin tafiya, inda ake faɗuwa shi ne bayan shan ruwa. A daidai nan saƙo zai shigo.

Akwai kuma kunya. Waya a ƙauye tana yawo hannu-hannu, saurayin da ke ɓoye wa mahaifinsa ba zai ajiye abin da zai tona shi ba, saboda haka kada kalmar taba ta fito a fuskar waya. In mutum ya koma ya zuƙa, ban da faɗa, yawancin waɗanda suka bari sai da suka sha faɗuwa. A tambaye shi ina yake, da wa yake tare, a sa sabuwar rana. Wanda kuma ya ce tarinsa ya wuce mako biyu ko yana ganin jini, manhaja ta daina lallashi ta tura shi asibiti.