Rigimar Da Ke Ɓoye A Cikin Farashin Tecno Da Itel

Manomin da ya tsaya a kasuwar Funtua ko Malumfashi yana kiran Dawanau don jin farashin masara, yawanci Tecno ko Itel ko Infinix ce a hannunsa. Duk ukun na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a ƙasar Sin. Amma fasahar 4G da ke haɗa wayar da turken sabis ba ta Transsion ba ce. Kamfanoni irin su Qualcomm da Ericsson da Nokia da Huawei ne ke riƙe da dubban takardun mallakar ƙirƙira a kanta, kuma suna neman kuɗin lasisi a kan wayoyin da aka sayar. Kuɗin nan a ƙarshe kan mai saye yake sauka.

A 2024 Qualcomm ya maka Transsion a Babbar Kotun Delhi ta Indiya. A irin wannan shari'a, wanda ake ƙara yakan ce tun farko bai kamata a ba da takardar ba, domin dabarar a fili take. Ma'ana, duk injiniyan da ya san aikinsa zai iya kai wa gare ta daga abin da aka riga aka sani.

Misali mai sauƙi shi ne waya mai tocila. Akwai waya, akwai tocila, wani ya haɗa su wuri ɗaya. Ƙirƙira ce, ko haɗi kawai? Kotun Ƙolin Amurka ta duba makamancin wannan a 2007 a shari'ar KSR da Teleflex, kan totur ɗin mota da aka liƙa wa na'urar lantarki. Ta nuna cewa haɗa sanannun abubuwa, idan sakamakon shi ne wanda kowa ke tsammani, da wuya ya cancanci takarda.

Wahalar tana nan: kowace dabara sauƙi gare ta bayan an gan ta. Dole alƙali ya mayar da kansa lokacin da aka nemi takardar, ya manta da wayar da ke aljihunsa. Shi ya sa lauyoyi ke tono tsofaffin takardun taron 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin 4G da 5G, don nuna cewa wasu sun riga sun kawo shawarar.

A Najeriya, dokar 1970 ta ce sai abu ya zama sabo kuma ba a fili yake ba, kuma takardar shekara 20 take yi. Sai dai ofishin rajista cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya auna dabarar. Wanda ke jayayya sai ya tafi Babbar Kotun Tarayya.