Raunin Gani da Wasan Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

A tsaunukan Alps na Turai, mai wasan zamiya yakan gangaro da matuƙar gudu, don haka lafiyarsa ta rataya ne a kan ganinsa. Sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona ido, wanda kan haddasa makanta ta ɗan lokaci mai raɗaɗi. Shi ya sa 'yan wasan ke sanya babban tabarau mai rufe idanu ruf.

To, ina mai tabarau na likita? Wasu kan ɗora babban a kan nasu. Illar wannan ita ce ɗumin fuska kan haɗu da sanyi, gilashin ya yi hazo, mutum ya daina ganin gabansa yana tsakiyar gangara. Wasu kuma a yanka musu gilashi daidai da awon idonsu, a maƙala shi cikin babban tabarau. Ɗan siririn gilashin da ake ɗorawa a ƙwayar ido ya fi, domin ba ya hazo, sai dai busasshiyar iskar tsauni kan busar da ido. Akwai kuma tiyatar leza, amma sai likita ya tabbatar idon zai jure ta.