Garakan Abzin: Yadda Mutanen Jihar Agadas Ke Kokawa da Fari da Ambaliya

A ƙasar Abzin ruwan sama baƙo ne mai gajeren zama. Abin da birnin Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, mafi yawansa kuwa a watannin Yuli da Agusta yake sauka. Sauyin yanayi ya ƙara dagula lissafi: zafi na ƙaruwa, damina na saɓa lokacinta, in kuma ta zo, wani sa'i ruwan wata guda kan zuba a dare ɗaya.

Tsofaffi ba su manta da farin 1968 zuwa 1974 ba, balle na 1984. Bisashe sun mutu bila adadin. Ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino ya ragu ƙwarai, saboda babu ciyawar guzuri, gero kuma ya yi tsada a kasuwannin Damargu. Makiyaya da yawa sun bar daji sun zauna gefen garuruwa suna jiran taimakon abinci.

Daga cikin wannan wahala ce aikin garka ya bunƙasa. Abzinawa sun daɗe da sanin cewa ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana nitsewa ƙarƙashin yashin ƙoramu, ya kwanta can. A bakin ƙoramun suke haƙa rijiyoyi, su kafa abin jan ruwa da suke kira takarkart, inda sa ko raƙumi ke jan guga ta fata, ruwa ya bi magudana zuwa fangali-fangali. Bayan 1984, da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kiran a rungumi noman rani, iyalai da dama da suka rasa garkensu sun koma ga wannan sana'a.

Yau Timiya ta yi suna da lemu, rumman da inabi. Tabelot da kwarin Telwa suna fitar da albasa, wadda manyan motoci ke kaiwa Yamai da ƙasashen bakin teku. Bisa dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000, sanyi ya ba da damar noman dankalin Turawa da tafarnuwa. Gida ɗaya kan raba ƙarfinsa uku: wasu a garka, wasu wajen kiwo, wasu a fatauci, domin in hanya ɗaya ta toshe sauran su riƙe iyali.

Makiyaya ma sun sake dabara. Sun ƙara awaki da raƙuma, masu jure ƙishirwa da cin ganyen itace, sun rage shanu. Fulani Wodaaɓe sun riƙe al'adar habbanaye, wato ba wanda ya rasa dabbobinsa aron saniya har ta haifa masa maruƙa kafin ya mayar da ita. Kowace shekara kuma, a ƙarshen damina, garke kan taru a Ingal domin lasar gishiri.

Amma fa kowace dabara da nata haɗari. Injin ban ruwa, wanda ya maye gurbin takarkart a garake da yawa, yana jan ruwa fiye da yadda damina ke mayarwa, har rijiyoyi na ƙara zurfi. Ambaliya kuwa tana cin gaɓar garake: a farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle, ta rushe gidaje dubbai a Agadas, ta binne garake da yashi. In albasa ta yi yawa a kasuwa farashi kan faɗi, mai garka ya tashi da bashin mai da taki.

Shi ya sa ƙungiyoyin manoma da ma'aikatan gidan gona suka dukufa ga gina ƙananan madatsai a tsakiyar ƙoramu, waɗanda ke rage gudun ruwa don ya samu nitsewa, da kuma kare gaɓa da duwatsu cikin ragar waya. Abin da ya rage shi ne masu garakan kowane kwari su daidaita kan yawan ruwan da za a ja da faɗin filin da za a shuka, tun da tafki ɗaya ne ƙarƙashin yashi suke sha gaba ɗaya.