Abubuwa Uku da Makaranta Ta Tanadar Maka

Idan ka taɓa shiga ɗakin girki a ƙauye, ka ga murhu mai duwatsu uku. A kansu ake ɗora tukunya. In aka cire dutse ɗaya, sai tukunya ta tuntsure, miya ta zube. Makarantar sakandare ma a kan abubuwa uku take zaune. Na farko shi ne manhaja, wato abin da ake koya maka. Na biyu shi ne taimakon da ake ba ka idan karatu ya yi maka wuya. Na uku kuwa shi ne kula da lafiyarka da tarbiyyarka da kwanciyar hankalinka.

Yawancin ɗalibai na farkon kaɗai suka sani, domin shi ne yake rubuce a jadawalin da ke manne a bangon aji. Sauran biyun ba su cikin jadawali. Saboda haka yaro yana iya yin shekara shida a makaranta bai amfana da su ba. A wannan darasi za ka san duka ukun, ka kuma san wurin wanda za ka je idan buƙata ta taso.

Manhaja

Manhaja ita ce tsarin darussan da aka amince a koyar, aji bayan aji, zango bayan zango. Ba malaminku ne yake ƙirƙiro ta ba. Akwai Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NERDC. An kafa ta a shekarar 1988, kuma ita ce take tsara manhajar firamare da ta sakandare a ƙasar nan. Shi ya sa yaron da iyayensa suka tashi daga Enugu suka koma Ilorin ba ya fara karatu daga farko. Zai tarar ana koyar da kusan abin da ya baro.

A shekarar 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. A shekarar 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato. Dokar da ta biyo baya a 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma dole ne a kan kowane yaro. Ka ga ke nan zamanka a ƙaramar sakandare haƙƙinka ne da doka ta ba ka.

A ƙaramar sakandare ana ɗanɗana maka fannoni da yawa: Ingilishi, Lissafi, Kimiyya, Ilimin Zamantakewa, Addini, Noma, Kasuwanci da harsuna. Dalili shi ne mutum ba ya sanin abin da ya iya sai ya gwada. Wataƙila ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa kake koyon Hausa, alhali ba harshen gidanku ba ne. Amsar tana cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977. Manufar ta ga cewa, saboda haɗin kan ƙasa, ya kamata a ƙarfafa wa kowane yaro gwiwa ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Ibo ko Yarabanci, ban da nasa. Ranar da aikin bautar ƙasa ko kasuwanci ya kai ka Kano ko Katsina, za ka gode wa wannan darasi.

Zaɓen fanni

A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare za ka rubuta jarrabawar kammalawa. Daga nan hanya take rabuwa. Akwai ajin kimiyya, akwai na adabi da zamantakewa, akwai na kasuwanci. Akwai kuma darussan sana'a, waɗanda aka shigar cikin manhajar babbar sakandare a 2011.

Wannan zaɓe ba abin wasa ba ne, domin yana bin mutum har ƙofar jami'a. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba ɗalibi a darussa huɗu: Ingilishi da wasu uku da suka dace da abin da yake so ya karanta. Mai son aikin likita yana buƙatar Fiziks da Kimiyyar Sinadarai da Kimiyyar Halittu. Mai son aikin injiniya ba ya rabuwa da Lissafi da Fiziks. Mai son zama lauya yana buƙatar Adabin Ingilishi. Ban da wannan, jami'a tana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko ta NECO, ciki har da Ingilishi, kuma a fannoni da yawa har da Lissafi.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne bin aboki. Wani ya shiga ajin kimiyya don amininsa yana can. Wata ta shiga don an ce mata ajin masu ƙwaƙwalwa ne. Sai an kai aji biyar su gane ba wurinsu ba ne, lokaci kuwa ya ƙure. Hausawa suna cewa, “Tun ran gini, ran zane.” Ma'ana, kowane aiki yana da lokacin da ya kamata a yi shi. Lokacin yin tambaya a kan fanni shi ne tun kana aji uku.

Taimakon koyo

Malami ɗaya yana koyar da aji guda, amma ba a tare kowa yake ganewa ba. Wani ji ɗaya ya ishe shi. Wani sai an maimaita sau uku. Wani kuma sai ya taɓa abu da hannunsa. Jinkirin fahimta ba rashin hankali ba ne, kuma sau da yawa yana da dalilin da za a iya gyarawa.

Mu ɗauki misali. A ce akwai wani yaro da yake zaune a layin baya. Kullum rubutunsa cike yake da kuskure, makinsa kuma sai raguwa yake yi. 'Yan ajinsu suna ce masa rago. Wata rana malamar aji ta lura yana ƙanƙance ido in zai dubi allo. Ta mai da shi layin gaba, ta kira iyayensa ta ce a kai shi a auna idonsa. Aka ba shi tabarau. Ashe matsalar ta ido ce. Haka abin yake ga yaron da ba ya ji sosai, da mai in'ina, da wanda haruffa suke rikice masa idan ya zo karatu. Kowannensu yana da irin taimakon da ya dace da shi. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin samun ilimi kamar kowa.

Ta yaya makaranta take gane mai buƙatar taimako? Hanya ta farko ita ce auna fahimta a kai a kai, wato gwaji da jinga da aikin aji da ake yi kafin jarrabawar ƙarshen zango. A makarantu da yawa wannan yana ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100. Amfaninsa ya wuce tara maki. Yana nuna wa malami inda ka tsaya tun da sauran lokacin gyara. Idan aka mayar maka da takardarka, kada ka dubi maki kawai ka cusa ta a jaka. Ka bi inda jan biro ya taɓa, ka tambayi dalili.

Darasin Hausa ma ya isa misali. Mai koyon Hausa yakan sha wuya da haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. “Baki” shi ne wanda ake cin abinci da shi, amma “baƙi” launi ne. “Kara” yana gona, amma “ƙara” ana kai ta kotu. Haka kuma Hausa tana bambanta namiji da mace a cikin jimla: “ya zo”, “ta zo”. Yarabanci da Ibo ba su yin wannan bambanci, don haka mai jin su yakan ce wa mace “ya zo”. Wannan ba abin kunya ba ne. Minti goma tare da malamin Hausa bayan an tashi, ko hira da abokin da Hausa ce harshensa, yana warware abin da ya dame ka zango guda. Akwai kuma laburare, da darussan ƙari da wasu makarantu suke shiryawa, da rukunin nazari da ku da kanku za ku iya kafawa.

Kula da lafiya da tarbiyya

Yaron da yake jin yunwa, ko tsoro, ko baƙin ciki, jikinsa ne kawai yake cikin aji. Saboda haka makaranta ta ɗora wa wasu mutane nauyin lura da halin da kake ciki.

Na kusa da kai shi ne malamin aji. Shi yake kiran suna kowace safiya, shi ne kuma yake fara lura idan ka yi fashi ko ka canza. A makarantar kwana akwai malami ko malama mai kula da ɗakin kwana, waɗanda suke tsayawa a matsayin iyaye. Akwai ɗakin shan magani. Idan kana da ciwon da yakan tashi, kamar asma ko sikila, wajibi ne ma'aikacin wurin ya sani tun ranar da ka zo, ba sai ranar da ciwon ya tashi ba. Akwai shugabannin ɗalibai, waɗanda aka naɗa domin su kare na ƙasa da su. Akwai kuma ƙungiyar iyaye da malamai, wadda take haɗa gida da makaranta.

Sai kuma malamin jagoranci da ba da shawara. Wannan aiki yana da tarihi a ƙasarmu. A shekarar 1959, a Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, malaman makarantar sun gayyato ma'aikata daga fannoni dabam-dabam domin su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayani a kan ayyukan da za su iya yi bayan sun gama. Daga wannan taro ake ƙirga farkon aikin ba da shawara na zamani a makarantun Nijeriya. A yau aikin ya faɗaɗa. Mai ba da shawara yana taimakonka wajen zaɓen fanni da tsara lokacin nazari. Yana kuma saurarenka idan an yi maka rasuwa, ko kewar gida ta hana ka barci, ko wani yana cin zalinka. Ƙa'idar aikinsa ita ce riƙe sirri. Ba ya fitar da maganarka sai idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, a nan dole ne ya nemo wanda zai kawo ɗauki.

Cin zali yana bukatar a tsaya a kansa. Idan babban ɗalibi ya ƙwace maka abinci ko kuɗi, ko ya doke ka, ko ya tilasta maka shiga wata ƙungiya, ko wani ya taɓa jikinka ta hanyar da ba ta dace ba, ko ɗalibi ne ko babba, to an keta haƙƙinka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana a wulaƙanta shi. Mai cin zali yakan ce maka, “In ka faɗa, kai ɗan gulma ne.” Kada ka yarda. Gulma ita ce yaɗa maganar mutum don a ɓata shi. Kai ƙara kuwa neman kariya ne gare ka da kuma yaron da zai biyo bayanka. Idan wanda ka fara faɗa wa bai ɗauki mataki ba, ka je wurin wani, har zuwa shugaban makaranta da iyayenka.

Naka aikin

Duk waɗannan mutane ba su san abin da ke cikin zuciyarka ba. A aji mai yara hamsin ko fiye, malami ba zai iya gane damuwar kowa daga fuska ba. Hausawa sun ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.” Kai ne mai ɗakin. Kunya hali ne mai kyau a gaban manya, amma kunyar da ta hana ka cewa “Malam, ban gane ba” ko “Malama, ina da damuwa” cutar da kai take yi.

Kafin makon nan ya ƙare, ka nemi sanin ofishin mai ba da shawara da ɗakin shan magani na makarantarku. Ka zaɓi babba ɗaya da ka amince da shi, wanda za ka iya gaya wa damuwarka. Idan kuma ka ga abokinka ya yi shiru fiye da yadda ya saba, ka tambaye shi lafiya, in ta kama ka raka shi wurin wanda zai taimaka masa.

Ma'anar kalmomi

Murhu: wurin da ake hura wuta a ɗora tukunya.
Zango: kashi ɗaya cikin uku na shekarar karatu.
Jinga: aikin da malami ya ba ɗalibi ya yi shi kaɗai.
Fashi: rashin zuwa makaranta ko wurin aiki.
Kewa: jin rashin mutum ko wurin da aka saba da shi.
Ɗauki: taimakon gaggawa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne aka kwatanta da duwatsun murhu?
2. Wace hukuma ce take tsara manhaja, kuma yaushe aka kafa ta?
3. Me ya sa zaɓen fanni a aji uku yake da muhimmanci?
4. Mene ne bambancin gulma da kai ƙara?
5. A wane hali ne mai ba da shawara yake iya fitar da sirrin ɗalibi?
6. Rubuta jimla biyar a kan wani taimako da ka taɓa samu a makarantarku.