Masu Raya Tsofaffin Kwamfutocinmu na Jos

Duk wanda ya taɓa kai laftof gyara a shagunan titin Ahmadu Bello da ke Jos ya san maganar nan: "Oga, direban hoto ne babu." Allo ya yi dishi-dishi, rubutu ya kumbura, bidiyo na tafiya da ƙyar, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin babbar manhajar kwamfuta, Windows ko Linux, da guntun da ke zana hoto a allo. Kowane guntu da yarensa, na Intel daban, na AMD daban, na Nvidia daban. Kamfanin da ya ƙera shi ne ya san yaren, kuma ranar da ya ga babu sauran riba a tsohon guntu, sai ya daina sabunta direbansa. Mu kuwa akasarin kwamfutocinmu tokumbo ne, sun sha aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana. Ga shi Jos garin 'yan fim ne. Hukumar Fina-finai ta Najeriya a nan take, haka Kwalejin Talabijin ta NTA, ban da masu tace bidiyon biki a Bauchi Road da Unguwar Rogo, duk aikinsu sai da direban hoto.

Akwai mutanen da suka ƙi yarda a bar sirrin a hannun kamfani. A 1993 wani Ba'amurke, Brian Paul, ya fara rubuta wata manhajar zana hoto mai suna Mesa, ya bar ta a buɗe, kowa na iya karanta yadda aka tsara ta, ya gyara, ya raba kyauta. Yau yawancin kwamfutocin Linux da ita suke zana hoto. Intel ya daɗe yana biyan ma'aikata su yi wannan aiki a fili, AMD ma ya fara sakin takardun bayanin guntayensa a 2007.

Nvidia ne ya yi taurin kai. Dole masu aikin Nouveau, buɗaɗɗen direban guntayen Nvidia, suka koma bin sawu: su kunna direban kamfanin, su naɗi duk saƙon da yake aika wa guntun, su sauya abu ɗaya tak a hoton, su sake naɗa, su kwatanta. Da haka, lamba bayan lamba, suka gano yaren. Aiki ne na mai haƙurin gaske, ni kam ina sara musu. A 2012 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya caccaki kamfanin a bainar jama'a a Finlan, amma sai a watan Mayun 2022 Nvidia ya buɗe wani sashe na direbansa, shi ma na sababbin katuna kawai. Alyssa Rosenzweig kuwa tun tana 'yar sakandare ta shiga aikin Panfrost, direban guntun Mali da ke cikin wayoyi da yawa, daga baya ta warware na Apple M1.

Harhaɗa Mesa da kanka ba sihiri ba ne. Ka sauko da rubutun, ka sa manhajojin Meson da Ninja su mayar da shi abin da na'ura ke ganewa, ka zauna jira. Na yi hakan a tsohuwar laftof ɗina, fanka na ta huci, sanyin Jos na taya ta, ni kuma ina addu'a kada a ɗauke wuta.

Kada a ce na yi zuƙu: Adobe Premiere ba ta aiki a Linux, sai mai tace fim ya koyi Kdenlive ko Blender. Su ma masu Mesa sukan ajiye tsofaffin direbobi gefe. Bambancin shi ne wani na iya ɗauka ya ci gaba, kamar yadda Dave Airlie ya rubuta direban Crocus a 2021 domin tsofaffin guntayen Intel, irin waɗanda suka cika shagunanmu.

Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma yawancin tsofaffin tokumbo ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Don haka kirana ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jos da matasan cibiyar fasaha ta nHub: masu rubuta direbobin nan galibi ba su da tsofaffin na'urorin gwaji, mu kuwa muna da su jibge. Ku ɗora Linux, ku gwada sabuwar Mesa, in hoto ya karye ku rubuta musu rahoto dalla-dalla, da sunan guntu da abin da ya faru.