Shin Kwamfuta Ta San Ruwan Daura?

Kowace shekara, tun hunturu bai gama wucewa ba, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran ruwan shuka zai sauka, tsawon daminar, da yawan ruwan. Wannan na shekara guda ne. Akwai kuma hasashe mai dogon zango, wanda ke cewa nan da 2050 ƙasar Daura za ta fi zafi, ko ruwanta zai ƙaru ko ya ragu. Irin wannan daga manhajojin kwaikwayon yanayi yake fitowa, kuma da shi ake tsara madatsun ruwa da irin shukar da za a raba wa manoma. Don haka mutumin Sandamu ko Baure yana da haƙƙin tambaya: wa ya gwada manhajar kafin a gaskata ta?

Manhajar dai lissafi ce zalla. Ana yanka sararin samaniya gida-gida kamar gurabun dara, kwamfuta ta lissafa zafi da iska da laimar kowane gurbi, ta miƙa sakamakon ga gurbin da ke maƙwabtaka da shi, a yi ta maimaitawa har a cika shekaru. A manhajojin da suka haɗa duniya baki ɗaya, faɗin gurbi ɗaya kan kai kilomita 100 ko fiye. Ke nan Daura da Mai'adua da Zango, har da wani yanki na Jamhuriyar Nijar, na iya faɗawa gurbi ɗaya, a ba su ruwa iri ɗaya. Shi ya sa aka ƙirƙiro manhajojin yanki, irin RegCM ta cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya da RCA ta ƙasar Suwidin. Shirin CORDEX, wanda aka fara a 2009, ya tara su suka yi wa Afirka lissafi da gurabu masu faɗin kusan kilomita 50.

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana mayar da manhajar baya, a ce ta kwaikwayi shekarun da suka riga suka wuce, sannan a ɗora abin da ta fitar a kan abin da aka auna a ƙasa. A 2012 Grigory Nikulin da abokan aikinsa suka yi wa manhajoji goma wannan awo. Sun gano cewa manhajojin sun kama tafiyar damina gaba ɗaya, yadda take hawowa daga bakin teku zuwa arewa ta koma. Amma kowacce da nata karkon, wata ta cika ruwa, wata ta rage, kuma idan aka haɗa su aka ɗauki matsakaici ya fi dogaro da guda ɗaya.

Wajen zafi sun fi yin abin kirki, domin zafi shimfiɗe yake. Ranar da Daura ta haura maki 40 a Afrilu, Katsina da Kazaure ma ba su tsira ba. Inda sukan yi tuntuɓe shi ne ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ta tare rana. Duk da haka bakinsu ɗaya kan cewa Sahel na ƙara zafi, kuma ni a ganina wannan magana ce da za a iya yin shiri a kanta.

Ruwa kuwa wani abu ne daban. Kusan duk ruwan da ke raya gero a ƙasar Daura manyan hadurra ne ke kawo shi, waɗanda ke haɗuwa da la'asar, su taso daga gabas da guguwa a gabansu, su yi yamma cikin dare. Su ne kan jiƙa wannan ƙauye sharkaf su bar na kusa da shi ko ɗigo. Gajimaren da ke haifar da su bai wuce 'yan kilomitoci ba, ya yi wa gurbin kilomita 50 ƙanƙanta, sai masu manhaja suka sa ƙa'idar ƙiyasi a madadinsa. Sakamakon shi ne manhajar kan saukar da ruwa tun da rana tsaka, kuma takan yi ta yayyafi kusan kullum maimakon ruwa mai ƙarfi jefi-jefi.

A nan ne alƙaluma ke ruɗar mutum. Manhaja na iya cewa Daura ta samu milimita 600 a shekara, a duba a ga kusan haka ɗin ne, a yaba mata. Alhali manomin da ya yi binne, ruwan farko ya tsirar da shukar, sannan aka yi fashin mako biyu ko uku ta ƙone, ba jimillar shekara ce ta dame shi ba. Haka injiniyan da ke auna kwalbati ko mai lura da madatsar Sabke: ruwan dare ɗaya cikin marka shi ne abin tsoronsa. Gwajin da bai duba ranar faɗuwar damina da tsawon fashi da ƙarfin ruwa ba, bai taɓa abin da ya shafi mutanen nan ba tukuna.

An samu ci gaba. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta gina CP4-Africa mai gurbin kilomita 4.5, wadda ke barin hadari ya haɗu da kansa cikin lissafin. Ta fi kama lokacin ruwa da ƙarfinsa, kuma sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna ruwa mai tsanani zai ƙaru, fashi ma ya ƙara tsawo a Yammacin Afirka, fiye da yadda manhajoji masu manyan gurabu ke nunawa. Sai dai tana cin kwamfuta ƙwarai, shekaru goma-goma kawai aka iya lissafawa. Tun 2017 ma Christopher Taylor da tawagarsa sun nuna, daga hotunan tauraron ɗan'adam, cewa hadurra mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982.

Saura matsalar da ta fi kusa da gida, wato ma'aunin da ake gwada manhajar da shi. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai cikin 1974 don tattara irin waɗannan bayanai, amma har yau tashoshin awo a Sahel tsilla-tsilla suke. Masu tarihi mai tsawo a kewayenmu su ne irin na Kano da Katsina da Damagaram. Abin da ke tsakani sai a cike da ƙiyasin tauraron ɗan'adam, irin CHIRPS da TAMSAT, waɗanda ke auna sanyin saman gajimare su ƙiyasta ruwan da ya zuba. Su kansu rumbunan bayanan ba kullum suke jituwa ba, har wani lokaci manhaja ta ci gwaji a kan wannan, ta faɗi a kan wancan.

Ma'aunin ruwan sama mazubi ne mai araha, ɗan firamare ma zai iya karanta shi. Masana na son awon shekara 30 kafin su yanke hukunci kan yanayin wuri. Da makarantu da ofisoshin malaman gona na masarautar Daura za su kafa shi, sharaɗin ɗaya ne: a duba kowace safiya a lokaci guda, a rubuta a littafi, har ranakun da ba a yi ruwa ba a sa sifiri, domin daga waɗannan sifirorin ake ƙirga tsawon fashi.