Tundra 'Yar Kwatano: Abin Da Waya Ke Ganowa Kafin A Biya Kuɗi

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoda, inda gona ke manne da gona, a-kori-kura ce ke kwaso gero da gyaɗa zuwa kasuwar Dawanau. Hilux ta fi yawa, amma girman Toyota Tundra na jan hankalin matasa masu dako.

Injinta yana da ƙarko, babu musu. Sai dai yawanci V8 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 shan fetur ɗinsa ke cinye riba.

Motocin Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Idan aka soka 'yar na'urar ELM327, aka haɗa ta da manhajar Torque ta Bluetooth, lambobin matsalolin inji za su fito a waya. Dillali mai wayo kan goge su kafin mai saye ya iso, amma manhajar tana tona asirinsa, domin za ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba. Sai a yi tuƙi mai nisa, a sake dubawa.

Tsatsa kam waya ba ta ganinta. Gishirin da ake watsawa a titunan Amurka lokacin ƙanƙara yana cin shasi, har Toyota ta kira Tundra ƙirar 2000 zuwa 2003 domin gyara. Dole bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila da guduma, don ruɓaɓɓen shasi ba zai jure buhuna a hanyar birji da damina ba.